Dutsen Sikelin Baba

A gidanmu na Jega, in ka cire Inna, babu abin da ake girmamawa kamar wani dunƙulen tagulla mai nauyin kilo ɗaya. Dutse muke ce masa, ko da yake ƙarfe ne. Babanmu ƙusa da kayan rufi yake sayarwa a kasuwa, ƙusa kuwa a sikeli ake auna ta, irin mai faranti biyu, a zuba ta a gefe ɗaya a ɗora dutse a ɗayan. Da ya rasu aka zo rabon gado, yayyena maza suka ɗauki rumfa da sikeli da sauran duwatsun. Inna ta ce a saka mata wannan ɗaya a cikin tumuninta na takaba, ba wanda ya yi mata musu.

A saman jeren kwanoninta yake zama. Duk jajibirin Sallah sai ta sauke shi ta dirje da toka da tsamiya har mutum ya ga fuskarsa a jiki, sannan ta goge da gefen zani ta mayar. Mu 'ya'yanta ba mu taɓa samun irin wannan wankan ba, na sha gaya mata haka, ta ce ai shi ba ya gudu in ya ga soso.

Aikin da ya sa dutsen ya yi suna, maƙwabciyarmu ce sanadi. Ta tashi zuwa Hajji, ta cika jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da garin kunu, kamar wadda aka ce mata a Makka ba a dafa abinci. A sansanin alhazai aka ɗora jakar a sikeli aka ce ta wuce ƙa'ida. Nan a gaban jama'a ta kwance ƙulli-ƙullinta tana zaɓen wanda za ta bari, tana hawaye a kan daddawa. Da labarin ya iso gida Inna ta ce wannan wulaƙanci ba zai sake samun 'yar unguwarmu ba tana da rai, dutsen Malam, wato babanmu, kuma yana ɗaki.

Ta sa aka ɗaure wata tsohuwar taɓarya a reshen dogon yaron tsakar gida, daidai inda take tsayawa ba ta rinjaya ko'ina. Ta rataya kwando a kowane ƙarshe. Ta ɗora dutsen a kwando ɗaya, ta riƙa zuba yashi a ɗayan har taɓarya ta miƙe, ta ɗinke yashin a 'yar jakar buhu. Kilo ɗaya ya zama biyu ke nan. Ta haɗa su ta auno jakar kilo biyu, daga nan ta yi ta biyar, ta yi ta goma. Kowace shekara kafin tashin alhazai sai ta farke jakunkunan ta sake su daga farko, domin yashi yana zuba, damina kuma tana ƙara masa nauyi. Duk daga dutsen nan suke fitowa, kuma ba ta yarda a auno wata jaka daga tsohuwar bara.

Kafin a ce me, gidanmu ya zama zangon maniyyata. Ana zuwa daga Katanga, danginmu na Giwa Tazo da Andarai ma sukan biyo da nasu kafin su wuce Birnin Kebbi. Matan Fulani su zauna a gindin bishiya suna gardama da ita a kan ƙullin gari ɗaya, rabi da Fulatanci rabi da Hausa, ita kuwa ba ta sassauci. In taɓarya ta sunkuya, sai an rage. Abin mamaki, ba a taɓa jin wanda aka auna wa kaya a gidanmu an ce masa ya zubar da ko tsinke a sansani ba. Mutane suka ce dutsen Malam akwai albarka.

Inna ba ta karɓar komai. In an gama, mai jaka ta ɗauka za ta fita, sai ta raka ta har zaure ta ce, "In kin ishe gaban Ɗakin Allah, ki tuna da mai dutsin ga." Iyakar ladan aikinta ke nan. Na girma na gane cewa duk wannan hidima ta taɓarya da yashi hanya ce ta aika wa Baba addu'a zuwa inda shi bai samu zuwa ba.

Ni a lokacin da abin da zan ba da labari ya faru ina aure a Maiyama, ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Wata Laraba ina tsakiyar aji wayata ta yi ta ruri. Inna ce, ita da ba ta kira sai dai a kira ta. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Malama, ki zaka gida. Dutsin babanki anka ce bai cika ba."

Malama take ce mini in tana tsokana, amma ran nan babu tsokana a muryarta. Da na isa Jega da yamma na tarar ko tuwon jiya ba ta taɓa ba. Ashe mai shagon bakin layinmu ne ya sayo sabon sikeli mai batir, irin wanda lamba ke fitowa a gilashi. Yaron kirki ne, a gabanmu ya girma har ya yi iyali. Ya aro dutsen ne don ya gwada sabon abinsa da wanda kowa ya yarda da shi. Ya ɗora, lamba ta ƙi kaiwa kilo. Ya sauke ya sake ɗorawa, haka dai. Akwai mata a shagon suna jiran a auna musu fulawa, sai ɗaya ta yi dariya ta ce, "Ashe haka Malam yay yi ta auna muna ƙusa!"

Wasa ta yi, na san matar, bakinta ne ba ya da linzami. Amma maganar ta zaga unguwa ta shigo gidanmu kafin dutsen ya dawo. Kowa ya san abin da addini ya faɗa a kan masu tauye awo, Inna kuma ta fi kowa sani. In dutsen bai cika ba, to duk wanda ya sayi kilon ƙusa a rumfar Baba an rage masa, mai rumfar kuwa yana kabari, ba halin ya nemi gafarar kowa.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ja mayafi na ce bari in je in ji wanda ya ɗaure wa sikelin roba gindi har yake ƙaryata mamaci. Inna ta riƙe mini hannu.

"Zamna. Hwaɗa ba ya cika kilo. Kin ce kuna da wurin da aka gwada irin wagga magana. Kai ni can in gani da idona."

Ina da ƙawa tun makarantar kwana, tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Aliero. Na kira ta, ta ce mu zo da safe kafin ɗalibai su cika wurin. Inna ta naɗe dutsen a tsohon rawanin Baba ta rungume a cinya. Motar da muka shiga rabinta mutane rabinta buhunan albasa, duk muka isa muna warin miya. Direban ya ga tsohuwa da ƙunshi a hannu tana lallaɓawa, ga shi Aliero za mu, garin masu ɗori, sai ya ce, "Sannu Inna, wa yak karye?" Ta ce masa dutse ne. Ya maida idonsa kan titi.

Ƙawata ta durƙusa ta gaida Inna, ta shigar da mu wani ɗan ɗaki, ta rufe taga ta kashe fanka. Inna ta ce ko gasa mu za a yi. Ƙawata ta ce a'a, iska ce ba a so, tana kaɗa awo. Sikelin yana kan wani teburin siminti, cikin akwatin gilashi mai ƙofa. Kafin ta karɓi namu, ta sa farar safar hannu, ta buɗe wani akwatin katako mai laushin ciki, ta ɗauko nasu dutsen na farin ƙarfe da wani abu kamar awartaki mai roba a baki. Da shi za ta fara tabbatar da cewa sikelin kansa yana faɗin gaskiya.

"Ɗiyata, ƙyama kike yi nai ko zahi garai?" in ji Inna.

Ƙawata ta yi dariya ta ce ba ko ɗaya. Zufar hannu tana manne masa ta ƙara masa nauyi, goga kuma tana cinye shi. Ba a taɓa shi, ba a dirje shi, in ƙura ta hau sai a kaɗe da ɗan buroshi mai laushi. Na saci kallon Inna. Ta dubi rawanin da ke cinyarta, ta tuna toka da tsamiyar shekara da shekaru. Amma Inna ba a kayar da ita da wuri.

"To naji. Shi wanga naku, wa yag gwada shi?"

Wannan tambaya ce nake roƙon Allah ɗalibaina su yi mini ko sau ɗaya, ba su taɓa ba. Muka haɗu ni da ƙawata muna ƙwace magana daga bakin juna. Muka ce wannan na akwati an gwada shi ne da wani wanda ya fi shi, shi ma wancan an gwada shi da na sama da shi, haka ake hawa har a kai ga wanda ƙasa take riƙe da shi, ita ma ƙasa ta gwada nata da na duniya. Kamar jakunkunanta na yashi, kowace daga wata ta fito, in ka bi su baya sai ka tarar da dutse ɗaya.

"Na duniyar hwa?"

Na ce da can wani ɗan guntun ƙarfe ne mai tsada, ana ajiye da shi a ƙasar Faransa, an kife shi da murfin gilashi a kan murfin gilashi. Shi ne kilo. An yi masa 'yan'uwa an rarraba wa ƙasashe, can ba a rasa ba a dawo da su a gwada. Da shekaru suka yi nisa sai aka ga sun fara saɓawa, bambancin da bai fi fiffiken ƙuda ba. Babu kuma mai iya rantsuwa ko shi ne ya rame ko su ne suka yi ƙiba, tun da ba shi da na sama da shi da za a kai ƙara.

Wannan ya yi wa Inna daɗi, na ga alama. Ta ce ashe har na Turawa da ba ya ganin toka.

Sai na ce 'yan shekarun nan an yi masa ritaya. Yanzu ba wani ƙarfe da ake ce wa shi ne kilo. Masana sun tsayar da wata lamba da ke cikin halittar Ubangiji, wadda ba ta tsatsa ba ta ramewa, suka ɗaure kilo a jikinta. In ana son fitar da kilon a gani a taɓa, akwai wani sikeli na musamman: gefe ɗaya a ɗora ƙarfe, ɗaya gefen ba dutse, sai jan maganaɗisu da wutar lantarki. A riƙa daidaita wutar har su yi kunnen doki, a auna wutar da kyau, lissafi ya faɗi nauyin ƙarfen. Wasu ƙasashen kuma wata mulmulalliyar ƙwallo suke yi da tataccen ma'adini, su lissafa ƙwayoyin zarrar da ke cikinta. Ƙarfen da aka auna ta wannan hanya shi ake gwada wasu da shi, su ma a gwada wasu, har abin ya gangaro akwatin katakon nan na Aliero.

"Da lantarki?" Inna ta riƙe haɓa. "In sunka ɗauke wuta hwa? Duniya ta kwan ba kilo?"

Ƙawata ta yi dariya har da riƙe teburi, ta tuna ba a jijjiga shi, ta saki. Ta ce su can ba a ɗauke musu. Ta ƙara da cewa ƙasashen da ke da irin wannan sikeli ba su da yawa, kuma sakamakonsu bai zo daidai cif ba tukuna, akwai ɗan bambanci da ido ba ya gani. Shi ya sa suke haɗa abin da kowa ya samu, su fitar da matsaya ɗaya, kowa ya rarraba kilo a kanta kafin su gama daidaitawa. Inna ta ce ashe su ma sai sun zauna shawara, awa ganin watan azumi.

Daga nan wasa ya ƙare, domin an zo kan namu. Ƙawata ta karɓi dutsen da safarta, ta ɗora, ta rufe ƙofar gilashi. Lambobi suka yi rawa suka tsaya. Ban buƙaci a fassara mini ba. Sikelin mai shago bai yi ƙarya ba. Dutsen Baba ya gaza kilo da kamar nauyin goro ɗaya.

Na gaya wa Inna. Ta tambaya ko tokar ce. Ƙawata ba ta iya ƙarya ba, ta ce toka ta ci nata, amma ba za ta ci kamar haka ba ko da kullum ake dirzawa. Inna ta nemi kujera ta zauna. Ba ta yi kuka ba, na fi son a ce ta yi. Ta shimfiɗa rawanin a cinya tana ta gyara masa ninki, tana cewa a hankali, "Goro guda ga kowane kilo. Mutum nawa, Malam? Ina za ni gane su?" Ni da na zo da shirin faɗa da duk unguwa, sai na matsa na tsaya kusa da ita. Tausayinta ya kama ni, tsoro kuma ya kama ni, don ni ma ubana ne.

Ƙawata ta ciro dutsen za ta miƙo mana, sai ta juya gindinsa sama ta tsaya. Akwai rami a wurin, zagayayye, fes da shi, yana sheƙi kamar sauran jikin. Duk mun san ramin, ni tun ina budurwa nake ganinsa, na ɗauka haka aka ƙera shi. Ta kai shi kusa da fitila, ta nuna mini 'yan zane-zane a bangon ramin, irin na tsinin wuƙa. Ta ce masu ƙera irin wannan dutse da gangan suke yin sa ya ɗan gaza, su bar rami, sannan su narka darma su cike har ya kai kilo daidai, a buga hatimi a kan darmar. Wannan namu babu darma ko ɗigo.

Ta ɗauko sirinji ta ɗiga ruwa a ramin har ya cika, ta duba yawan ruwan da ya shiga. Darma ta fi ruwa nauyi sau goma sha ɗaya da ɗan kai, wannan ko 'yan ajina sun sani in sun ga dama. Ta buga lissafi a waya ta juyo mini da ita. Darmar da za ta cika ramin nan ta kusa cike giɓin duka. Ɗan abin da ya saura shi ne rabon toka da tsamiya.

Na durƙusa gaban Inna na nuna mata ramin, na ce ko ta san lokacin da yake a toshe. Ta karɓa ta ƙura masa ido. Ta daɗe. Sai ta sa hannu ta rufe baki.

"Wani baƙin abu na, mai tabshi? Awa dattin da yad daskare?"

Muka ce shi ne.

"Cikin takaba ta," in ji ta. "Ban da abin yi, ba ni hita, ba ni barci. Dut abin da hannunai yat taɓa sai da nid darje shi. Nig ga gindin dutsin ga ya yi baƙi, nic ce shekara nawa Malam na aiki da shi cikin ƙazanta ban lura ba. Nis sa wuƙa niƙ ƙwaƙule shi tas. Wuni guda nis sha ina yi."

Ta dubi ƙawata, ta dube ni. Ta tambaya, tana rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ko ke nan lokacin da dutsen yake rumfa cikakke ne. Ƙawata ta ce duk abin da take iya gani a nan haka ya nuna, ranar da wuƙa ta shiga ne ya rage, ranar kuwa mai shi ya riga ya bar kasuwa.

Ban taɓa ganin wanda aka kama da ɓarna ya yi murna irin ta ran nan ba. Inna ta tashi tsaye tana hamdala, tana dariya, hawaye na zuba, ta rungume ƙawata da safar hannunta da komai. A hanyar komawa ne ma na lissafa mata sauran labarin: tun da dutsen ya rage, duk jakunkunan yashin da aka auno daga gare shi sun rage, shi ya sa kayan maniyyatanmu kullum suke zuwa ƙasa da ƙa'ida. Albarkar da ake faɗa, wuƙarta ce. Ta ce in rufe mata baki, albarka ai ba ta da hanya ɗaya. Ta ɗan yi jimamin kukar da ta sa bayin Allah suka bari a banza, amma bai hana ta sayen rake a tasha ba.

Ƙawata ta ce in muna so za a iya sake cika ramin a daidaita shi. Inna ta ce za a yi, amma ba yau ba, akwai waɗanda ya kamata su ga ramin tukuna.

Da muka sauka a Jega na nufi gida, ita ta nufi shagon bakin layi, dole na bi ta. La'asar ta yi, shagon cike da mata, har da mai bakin nan. Inna, wadda a rayuwarta ban taɓa jin ta ɗaga murya a waje ba, ta kwance rawanin, ta kife dutsen a kan teburin mai shago, gindinsa yana kallon sama.

"Ɗana, sikelinka na da gaskiya. Ku matso ku ga ramin ga, kowa ta sa yatsa ta ji. Ni nig gina shi da wuƙata, bayan an kai Malam kabari. Wadda za ta yi magana ta yi da ni, ga ni da raina. Malam kilonai cikakke na."